Ranar da Na Yarda Aka Kwance Tayoyin Bitrus

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Da yawanku kun san maigidana Bitrus, wanda Ubangiji ya kira bara da kaka. Ya bar mini motar da ya saya wurin wani Bature da ya gama aiki a Kainji. Da ita yake ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan Wara zuwa asibiti a Yelwa, shi kuma ya koya mini tuƙi. Tayoyinta ko ƙusa ta huda su ba sa tsayawa, shi ya sa ba ta da safaya. Bitrus yana ji da su ƙwarai.

Bayan rasuwarsa, tayar baya ɗaya ta tsage. Maƙwabcinmu Malam Garba mai faci ya duba, ya ce ba ta gyaruwa, ko a Sakkwato ma babu irinta. Ya ce a cire duka huɗun har da wili, a sa na kowa da kowa. Na ƙi. Abin da hannun Bitrus ya ɗaure, na kasa bari a kwance. Wata biyar mota na rufe a gida, ni ma ina rufe a ɗaki.

Sai aka ce an ɗauko wata mai naƙuda a kwalekwale saboda rashin mota, ba ta kai asibiti da rai ba. Ba wanda ya zarge ni. Ni dai na sani.

Na durƙusa gefen motar na ce, "Ubangiji, Bitrus yana wurinka. Ka buɗe mini hannuna." Ban ji wata murya ba, amma na tashi na je na sallama wa Malam Garba motar.

Ya sa sababbin tayoyi, ya haɗa da safaya. Na ce ya koya mini canzawa. Ya yi dariya ya ce, "Maman Rahila, jak ɗin nan kaɗai sai ya kayar da ke." Kwana uku ina ɗaurewa ina kwancewa, har ya daina dariya.

Makon jiya da rana tsaka, a hanyar Wara, ina ɗauke da wani dattijo makiyayi da maciji ya sara, taya ta yi faci. Na sauka na canza ta da hannuwan nan nawa. Mun isa a kan lokaci. Jiya aka sallame shi, da ƙafarsa ya fita.

Godiya ga Ubangiji! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da kuna cikin makoki. Wanda kuma yake da mara lafiya a ƙauye, ya aiko mini. Zan zo.