Tabon da Aka Nema a Kafaɗar Malama Bahijja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe wakilin Dagaci, Allah ya ja kwana. Allah gafarta Malam, Liman Abdulmumini. Mai unguwa Bappa, Allah ya ƙara girma. Shugaban makarantar nan da ya ba mu inuwar da muke zaune a ciki, mun gode. Malam Isyaku, mijin marigayiya, ya ƙarin haƙuri? Iya, mahaifiyarta, ya ƙarin haƙuri? Habibullahi da Nusaiba, 'ya'yanta, Allah ya raya ku. Iyayenmu maza da 'yan'uwana mata, sannunku da zuwa.

Ni ce Hajo ta gidan Gwadabe, a nan Unguwar Shitu. Matan ajin yaƙi da jahilci ne suka ce in tsaya in yi magana da yawunsu a kan malamarmu, Malama Bahijja. Da hannuna na rubuta wannan takarda. In kun ji na tsaya ina haɗa baƙi, ku yi mini haƙuri, da furfurata na fara karatu.

Tun da na shigo ake tambayata mutanen gida, to bari in amsa gaba ɗaya. Malam maigidana lafiya lau, yana gona ana cirar gyaɗa. Usman ƙafarsa ta warke, har ya koma makaranta a Karaye. Tsohuwa tana fama da tari, amma da sauƙi. Wadda babu daɗi ita ce 'yata Ummulkhair. Tana can ƙauyen Turawa a ɗakin mijinta da cikin fari, ta shiga watan haihuwa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta cin abinci sai an tsaya a kanta. Ita ce kaɗai yau ba wanda ya tambaye ni ita da suna. Na lura.

Malama Bahijja ta kasance mai haƙuri da mu fiye da yadda muka cancanta. Ranar da na fara zuwa ajinta, fensir biyu na karya. Hannun da ya saba da murza ƙuli-ƙuli bai san lallaɓa abu ba. Ta zo ta dafa ni tana dariya, ta ce, "Yaya Hajo, wannan fa ba muciya ba ce. Sassauta masa, bai yi miki laifi ba." Na ce, "Malama, ni kam in koma gida, kan nan ya riga ya bushe." Ta ce, "Kan da ya riƙe ranar haihuwar yaran unguwar nan kaf, shi ne zai kasa riƙe harafin 'ba' da 'ta'? Zauna." Na zauna. Abin da ya kai ni kuwa, na gaji ne da kai wayata maƙwabta a karanta mini saƙon ɗana, a ji sirrin gidana kafin in ji.

Ta kasance ba ta zama. Ta hau bayan babur har Gwangwan da damina, taɓo har gwiwa, don ta buɗe wa matan can aji. Ta raka mata awo asibiti, waɗanda mazajensu suka ce ba su da lokaci. Mu nan da yawa, ita ta fara nuna mana yadda ake karanta abin da ke jikin kwalbar magani. Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya biya ta.

Ta kasance kuma mai son ba da labari, kuma nan ne zancen da kowa ke kewayewa tun safe. An yabi karatunta, an yabi zumuncinta, ba wanda ya ambaci littafin. To ni zan ambata.

Bara da rani ta rubuta labari tana sakawa a guruf ɗin waya kaɗan-kaɗan. Labarin wata yarinya ne, Safara'u, da ta kamu da son wani mai sayen hatsi, Kabir, ashe yana cikin ƙungiyar masu bautar Shaiɗan, masu yanka mutane don dukiya. Duk wanda ya shiga cikinsu sai sun ƙona masa tabo a kafaɗar hagu. Suka ce wa Kabir ya kawo musu wadda ya fi so. Ita Safara'un ce ke ba da labarin da bakinta, tun daga farko har ƙarshe.

Ni ban so littafin ba, kuma na faɗa mata tana da rai. Na bi shi da yatsa, layi-layi, na kai wurin da aka kwantar da wani bawan Allah a kan jan ƙyalle, na ajiye waya na kasa cin tuwo. Na ce, "Malama, jinin nan ya yi yawa. Me ya kai ki?" Ta ce, "Yaya Hajo, samarinmu suna ganin wani ya yi kuɗi rana ɗaya, ba sa tambayar daga ina. Na yi musu wa'azi sun yi hamma. Bari in tsorata su." Ban gamsu ba. Amma na san ƙagaggen labari ne, don a gabana ta taɓa goge wani mutum ɗungurum daga cikinsa, ta ce ya cika surutu.

Ku kuwa kun so shi. Kada a sunkuyar da kai, a guruf ɗin nake, na iya karatu yanzu. Na ga masu cewa, "Malama, don girman Allah kada ki kashe Kabir." Na ga masu cewa, "In Safara'u ta yafe masa, na daina karantawa," gobe kuma su ne farkon masu tambayar ci gaba. Na ga wadda ta rubuta, "Wannan littafi haramun ne," sannan a ƙasa ta ƙara, "Wa ke da na jiya ya turo mini?" Akwai magidanci a wurin nan da ya hana matarsa karantawa, ya karɓe wayar, aka same shi a gindin rumbu yana karantawa har shanunsa suka shiga gonar mutane.

Da matan da ba su iya karatu ba suka dame ta, sai Malama ta ce a karanta musu da murya a ɗauka a waya. Ta zaɓi Ummulkhair, don bakinta ya fi na kowa fita. Aka nemi izinin mijinta Abdulsalami, ya ba da. In ta zo ganin gida sai su zauna a tsakar gidana, Malama na riƙe da waya, yarinya na karantawa, ni ina korar kaji kada kukansu ya shiga. In ta yi kuskure su tuntsire da dariya su sake.

Sai wani, Allah ya san shi, ya yanko guntu daga tsakiya. Wurin da Safara'u ke kuka tana cewa, "Ni ce na riƙe ƙwaryar. Ina ganin jinin yana ɗiga, ban yi ihu ba." Ya cire sallamar farko, inda ake faɗin sunan littafi da na marubuciya. Ya liƙa rubutu a sama, wai wata 'yar ƙungiyar asiri ce daga nan ƙasar Rogo ta tuba tana tona kanta. Abin ya bi wayoyi, ya bi masu caji, ya bi masu tura waƙa a memori.

Baƙon da ya ji a Kano ko Zariya ya yarda, ban ga laifinsa ba, bai san mu ba. Amma mu? Mu da muka san muryar tun tana tallan ƙuli a ƙofar makarantar nan? Mu da muka saurari labarin tun daga farkonsa muna surfe? Mu ne muka ce, "Ai dama kukan nan ya fi ƙarfin karatu." Mu ne muka ce, "In ba a ciki take ba, ina Malama ta san kalar ƙyallen?" Mun ji daɗin tsoron a waya, sai muka ga zai fi daɗi in muka sa masa fuskar maƙwabciya.

Da cikin Ummulkhair ya tsufa, aka kawo ta goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowace 'ya a haihuwar fari. Ta je famfo ɗiban ruwa, mata suka janye bokitansu, wata ta fizge ɗanta ta goya. Yaron gidan da ke bayanmu ya yi zazzaɓi, aka zo ƙofar gidana ana cewa ta sake shi. Ungozomar da ta yanke mata cibiya ta aiko mini cewa ba za ta taɓa ta ba sai ta buɗe kafaɗa an duba. Yarinyar ta kama rigarta za ta cire a tsakar gida tana kuka. Na riƙe hannunta na ce, "Wallahi ba ki isa ba, ba a gidana ba." Da aka fara jifan kwanon ɗakinmu, Abdulsalami ya zo ya mayar da ita Turawa.

Malama ta kasance ba ta gudun abin da ta jawo. Ba ta ce ba ruwanta ba. Ga hawan jini, ga ajinta ya watse daga cike da benci zuwa mu 'yan tsiraru, amma ta bi gida-gida da wayarta tana kunna wa mutane cikakken karatun. Wasu suka rufe mata ƙofa. Wasu suka saurara, suka ce, "To Malama, ƙarshe dai Kabir ya mutu ko?" Ta je wurin manya ta roƙi a yi wa jama'a bayani a masallaci. Aka ce mata a bari abin ya lafa. Tana jiran ya lafa ta yanke jiki ta faɗi a gaban allo, da alli a hannunta.

Ko likkafani ba a gama ɗinkawa ba, aka ce mutanenta ne suka karɓe ta don ta tona musu asiri.

Iya, ki gafarce ni, zan faɗi abin da muka ɓoye miki. Ni da ƙanwarki muka yi mata wanka. Muna ciki sai ga mata suna turo kai ta labule, wannan ta ce ta kawo turare, waccan ta ce ko a taya mu juya ta. Matan da suka yi watanni ba su taka gidan ba. Ba taya mu suka zo yi ba. Kafaɗarta suka zo gani. To ku da ba ku samu leƙawa ba, ga ni na gani, kuma zan maimaita a gaban Ubangijina: babu komai a kafaɗar Bahijja sai shatin igiyar jakar da take ɗauko mana littattafai a ciki.

Malam Isyaku, ka riƙe kanka sama, matarka ba ta ci amanar kowa ba. Habibullahi, Nusaiba, na san abin da ake ce muku a hanyar makaranta. In an sake, ku ce uwarku ta koya wa uwar mai faɗin rubuta sunanta. Mafi yawa ba za ku yi ƙarya ba.

Ita dai ta tafi, yabonmu na yau ba zai ƙare ta da komai ba sai addu'a. Amma akwai wadda ke da rai. Uwar mijin Ummulkhair ta makance, ba za ta iya ɗaga tukunya ba. Wa zai dafa mata ruwan wanka safe da yamma? Wa zai dama mata kunun kanwa? Wa zai lura in jini ya ƙi tsayawa, ya ce a nemo mota? Na tara itace, na sayi kanwa, na gyara ɗaki. Ɗakin yana nan a rufe, ina shiga in share in fito.

Allah gafarta Malam, ga roƙona, shi ne wanda Malama ta kawo maka. Ranar Juma'ar nan, bayan an sallame, ka faɗa a lasifika da bakinka cewa ƙagaggen labari ne, yarinyar karantawa kawai ta yi, kuma duk mai jifan gidana ya ji tsoron Allah. Ba na neman ka yabi littafin, ni ma ban yabe shi ba. Mai unguwa, kai kuma ka kira ungozoma da maƙwabtana ka yi musu magana. In an yi haka, ranar Asabar Abdulsalami zai kawo ta. In aka wuce nan, ma'aikaciyar asibiti ta ce kada a sake ɗora ta a kan hanyar nan mai gargada.

Ku aiko mini da amsa kafin Alhamis ta fita. Ko a baki, ko a rubuce, duk zan gane. Abu ɗaya ne ba na so, kada a ce mini a bari ya lafa. In a'a ce, ku ce a'a. Zan ɗaure tukunyata da kanwata in tafi Turawa, in yi wa 'yata wankan jego a gidan surukai, abin da uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba. Kuma duk wanda ya tambaye ni a can me ya hana a yi a gida, ba zan rufa wa garin nan asiri ba.

Na gode wa matan ajinmu da suka ba ni bakinsu. Na gode wa waɗanda suka zo don Allah, su sun san kansu. Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe, ba ku yanke ba.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Bahijja, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa karatun da ta ba mu ya zame mata sadaka mai gudana. Ka ba mijinta da mahaifiyarta haƙuri, ka tsare marayunta daga bakin mutane. Wanda ya yanke muryar nan ya watsa, mun bar shi da kai. Ka sauki Ummulkhair lafiya, da ita da duk mai ɗauke da ciki. Mu kuma da muka rage, ka ba mu kunyar da za ta sa mu gyara tun wadda muka zalunta tana iya jin mu.

Amin ya Rabbal alamin. Wassalamu alaikum.