Ja Ko Kore

A tashar Hunkuyi muna jiran motar Zariya ta cika, wani dattijo sai danna waya yake yana tsaki. Saurayin da ke gefensa ya tanka masa.

"Baba, lafiya kuwa?"

"Ina fa lafiya! 'Yata ce ke haɗa sabuwar kwamfuta, ta aike ni in sayo mata katin hoto, wai shi ke sa aikin bidiyo ya yi sauri. Ta ce kamfani biyu ne, ɗaya kwalinsa ja, ɗaya kore. Na manta wanda ta zaɓa, ga wayarta a kashe, ga bidiyon bikin mutane ana jiranta da shi."

"Mai koren za ka saya, Baba."

"Anya? Kamar ja na ji ta ce."

"Haba Baba! Sana'ata ce fa, ni ma bidiyon biki nake haɗawa a Makarfi. Ka sami wanda ya sani, kana musu! Wace ce 'yar taka ma?"

"Juwairiyya, ta bayan kasuwa."

"Juwairiyya? Wadda ta kwashe min amare tun daga Kudan har Likoro? Tun bayan Sallah ban ɗauki biki ba saboda ita!"

Dattijon ya juyo ya kalle shi sama da ƙasa.

"Wanne ma ka ce in saya?"

"Kore. Amma wallahi Baba, na faɗa tun kafin in san 'yarka ce."

"Madalla, Allah ya yi maka albarka. Ja zan saya."