Jan Babur a Rumfar Albasa

Tokuji: Harumi? Ni ne.

Harumi: A'a, Baba! Ina wuni? Yau Talata kuma, ba ranar kiranka ba, lafiya?

Tokuji: Lafiya. Ruwa ake tun safe.

Harumi: Nan Kobe ma haka. Ya gwiwar?

Tokuji: Tana nan. Ya maigidan?

Harumi: Yana wurin aiki. Ka ci abinci, ko shayi kawai ka sha?

Tokuji: Na ci. Ɗanki fa?

Harumi: Hayato? Ya sha fushi. Jan babur ɗin tseren nan na hannu da ya ƙwallafa wa rai, wani ya riga shi saye. Ni har murna na yi, amma...

Tokuji: Yana nan.

Harumi: Wa?

Tokuji: Babur ɗin. A rumfar albasa.

Harumi: Baba, layin na yankewa. Me ka ce?

Tokuji: Ni na saye shi.

Harumi: Kai? Kai da ka mayar wa 'yan sanda lasisinka bara?

Tokuji: Ba hawa zan yi ba. Na je na ga mai shi. Yaro ne, yana ɗingishi. Na tambaye shi ƙafar, ya yi dariya. Sai na biya don kar Hayato ya same shi, aka kawo min a motar kaya.

Harumi: Wayyo, Baba!

Tokuji: Kar ki gaya masa. Asabar in zai zo ɗaurin albasa, ce masa ina mura.

Harumi: Baba...

Tokuji: Kina ji?

Harumi: Ya samo wani babur a Osaka. Baƙi. Ya fi wancan ƙarfi, kuma da araha, wai an taɓa faɗuwa da shi aka gyara. Gobe da rana zai ɗauko. Saboda hawan jininka na yi shiru.

Tokuji: An taɓa faɗuwa da shi.

Harumi: Haka ya ce. Na yi kuka, babansa ya yi faɗa, ko a jikinsa. Baba? Kana nan?

Tokuji: Shi jan nan, ƙarfensa bai lanƙwashe ba. Na sa Gonda bakanike ya duba, birki ma lafiya.

Harumi: To, sai me?

Tokuji: Kar ya je Osaka. Ya hau motar farko ya zo nan. Da safe zan tura babur ɗin har wurin bauta a tsarkake shi, a yi masa addu'ar tsari. Ya taho da hular kwano.

Harumi: Ba shi babur ɗin za ka yi? Haba, Baba! In wani abu ya same shi a kai, da hannunka fa ka miƙa masa.

Tokuji: Na sani.

Harumi: Tsaya mu yi shawara tukuna... Baba? Baba!