Sunan da Badi'a Take Nema

Yau Lahadi, 16 ga Nuwamba 2025, ƙarfe tara na safe, a Badaguishiri, kwana arba'in da rasuwar Malam Sanusi. Maigari, Liman, Inna Kubura matar marigayi, 'yan uwa, assalamu alaikum. Ni Muttaƙa, bana na gama jami'a. Abin da na tabbatar kaɗai zan faɗa.

Shekara talatin da shida muna kiransa Shinuwa, wato ɗan Sin. Ba ɗan Sin ba ne. Ɗan Kambodiya ne. Katinsa na sansanin 'yan gudun hijira a Tailan, na 1980, ya ce Chhun Sarun. Daga nan Faransa, sannan nan garin a 1989, kan aikin ban ruwa. A nan ya musulunta, ya zama Sanusi.

Ya kasance mai koya mana renon irin albasa, bai taɓa gajiya da tambaya ba.

Ya kasance ba ya gani da kyau. A majalisa Baba Labo yakan ce, "Shinuwa, jaki kaka gaisuwa, ba Liman ba na!" Sai mu yi dariya. Har muka sayo masa tabarau. Ya yi godiya, ya binne shi a lambu. Inna Kubura ce ta gaya mini dalili bayan jana'iza: a 1976, lokacin da masu mulkin Kambodiya ke kashe 'yan boko da iyalansu, aka fitar da mahaifiyarsa daga gonar shinkafa saboda an ga tabarau cikin kayanta, aka ce 'yar boko ce. Da aka tambaye shi, ya ce bai san matar ba. Haka ya rayu. Tun ranar bai sake furta sunanta ba.

Badi'a, 'yar uwata, ɗiyar marigayi, kin haifi ɗiya ranar Alhamis. Kika ce mini, "Muttaƙa, kai ka yi lakwal, ka yi karatun boko. Nemo mini sunan kakata in sa mata." Sau uku na zazzage akwatinsa. A katin, wajen sunan uwa, an kankare da reza. Na haska da fitila, ban ga komai ba. Ki gafarce ni.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya sauke masa abin da ya ɗauka shi kaɗai, Ya yafe mana dariyarmu.

Abin da ban gano ba: shekarar haihuwarsa, 1958 ko 1960. Ƙauyensu. Ko yana da sauran dangi. Inda aka binne mahaifiyarsa, in an binne ta. Da sunan da Liman zai raɗa wa jaririya ranar Alhamis.