Ranar da Na Jera Ƴan Gayya Kamar Sojoji

Salama a gare ku, ƴan'uwa, cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri in kun ga ina kai da kawowa a gabanku, tsayuwa wuri ɗaya tana ba ni wuya har yau.

Sunana Labo, amma shekara goma sha biyu ban ji sunan nan a bakin kowa ba. Sarzan ake ce mini, wato saje da Faransanci. Na yi sojan Faransa, na ga teku, na ga Aljeriya, na ga abin da ba zan faɗa a ɗakin Ubangiji ba. A asibitin soja na ji bishara na karɓa, amma gaskiya bakina kaɗai ya karɓa.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, aka sallame ni. Na koma ƙauyenmu kusa da Agiye, na tarar babana ya rasu, Inna ta tsufa. Ni kuwa zama ya gagare ni. Yau ina tashar Agiye ina kallon motoci, gobe na taka har Cadawa ba abin saye ba na sayarwa. Sau uku ina zuwa buro, ofishin hukuma, neman a ɗauke ni sojan ƙasa, sau uku suna duban ƙafata mai ɗingishi su ce in je in huta. In huta in zama wa?

Damina ta faɗi, Inna ta yi shuka a gonar babana ita kaɗai. Ciyawa ta taso tana neman shaƙe geron. Baffa, ƙanen babana, ya kira ni ya ce, “Sarzan, in ciyawa ta cinye geron bana, baɗi zan ba wani aron gonar nan. Ba zan zuba ido gonar yayana ta koma daji ba.”

Kai, raina ya ɓaci! Na ce gayya zan kira, su ga yadda ake aiki.

Kun san gayya roƙo ce. Gida gida kake bi da goro, ka durƙusa. Ni aike na yi, na ce kowa ya hallara da hantsi. Don darajar babana suka zo, har da mai ganga. Inna ta dama fura ƙwarya huɗu.

Sai ga ni cikin kaki, lambobi a ƙirji, usur a baki. Na ce mai ganga ya yi shiru, yana hana a ji umarni. Na jera mutane bisa tsawo. Malam Idi, aminin babana, dattijon da ya raɗa mini suna, gajere ne, sai na tura shi can ƙarshen layi bayan jikokinsa. Wani ya makara, na daka masa tsawa da Faransanci.

Malam Idi ya dube ni ya ce, “Sarzan, mu taimako muka zo, ba aikin tilas ba. Wancan an gama shi.” Ya saɓa hauyarsa. Kafin in cire usur daga baki, gona ta watse. Furar Inna ta yi tsami a gindin gawo, ita kuma ko kallona ba ta yi ba.

Kwana uku ina faman noma ni kaɗai, ƙafa na ciwo, ciyawa na yi mini dariya. A rana ta huɗu na ɗaure kayana na bar su gindin gawo, na ce in mota ta zo sai Maraɗi, ba zan sake waiwayowa ba.

Da azahar sai ga Baba Ango. Shi kaɗai ne mai bi a yankinmu, tsohon da ya warke daga kuturta, yatsunsa rabi. Ya ga ƙunshina ya ce, “Ɗana, ina zuwa kuma?”

Na ce, “Baba, can a soja mutum talatin ke tashi in na yi tari. Nan ba ni da amfani.”

Ya ce, “Ubangijin da ka ce kana bi, shi ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutanensa. Kai wa ka taɓa durƙusa wa?”

Ƴan'uwa, maganar nan ta soke ni. Na faɗi a kan kunya cikin ciyawa, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da harsashi ya same ni. Na ce, “Yesu, na gaji da gudu. Ban san ko ni wane ne ba in babu kakin nan. Ka cire mini shi, ka nuna mini!” Baba Ango ya ɗora guntun hannunsa a kaina yana cewa amin.

Washegari na sa tsohuwar taguwar babana. Na fara da zauren Malam Idi, na durƙusa, ƙafar nan tana ƙara, na ce, “Baba, na yi laifi. Ku taimaki Inna, ko don ita.” Na tashi na wuce gida na gaba. Gida goma sha ɗaya na bi haka, wasu ma dariya suka yi mini, kuma sun yi daidai.

Ranar Asabar na ji ganga tun daga bakin gari. Yabo ga Ubangiji, sun dawo! Maƙwabtana Musulmi ne dukansu, Allah ya saka musu. Ban ba kowa umarni ba. Ƙwaryar fura na ɗauka ina bin su kunya kunya. Kafin la'asar geron babana ya fito fili yana shan iska, Baffa kuma bai sake ta da maganar aro ba.

Da na kai ƙwarya gaban Malam Idi, ya sha, ya goge baki, ya ce, “Sannu, Labo.”

Na kusa sakin ƙwaryar. Shi ya raɗa mini sunan ina jariri, shi Allah ya sa ya mayar mini.

Har yau in na ji ƙugin babbar mota, ƙafata na ƙaiƙayi, ba zan ɓoye muku ba. Amma yanzu na san inda zan kai gwiwata. Na gode wa Yesu. Kai da ka ɗaure kayanka yau, kada ka hau motar nan tukuna, ka fara durƙusa masa. Ya san sunanka na ainihi. Amin.