Abin da Wayar Baba Ta Tona

Ramatu: Alo? Alo, Yaya Idi?

Idris: Alo! Wa nike ji?

Ramatu: Ni ce, Ramatu. Kana jina?

Idris: A'a, ƙanwata! Lambar wa ce wagga?

Ramatu: Ta Zahra ce, maƙwabciyarmu. Ina wuni?

Idris: Lahiya lau. Ina gajiya?

Ramatu: Babu gajiya. Ƙaƙa Madawa? Ƙaƙa lakwal?

Idris: Lakwal sai godiya, yaran makaranta na nan suna ci muna rai. Ƙaƙa Garhanga? Kun samu ruwa?

Ramatu: Shekaranjiya an yi, har gulbi ya kawo. Ina Zalika da yaran?

Idris: Dut lahiya. Hatsi hwa?

Ramatu: Ya hwara hidda kai.

Idris: Wa ya hidda rai?

Ramatu: Kai! Kai nic ce, hatsin ya hidda kai!

Idris: To, madalla. Rizon wayar garin naku ne, kamar daga cikin rijiya kike magana. Matsa wajen rumbu.

Ramatu: Ai jikin rumbun nike tsaye. Ba ni son ɗaga murya ne.

Idris: Ina Baba? Ina Inna, ƙaƙa jikin nata?

Ramatu: Da sauƙi. Tana ɗaka kwance.

Idris: Tana shan maganin ulsan dai ko?

Ramatu: Ulsa.

Idris: I mana. Mi ya hwaru? Kuma ina wayar Baba da kike aron ta mutane?

Ramatu: Tana cikin adaka, ya sa kwaɗo. Yac ce ba ta ƙara kwana waje ɗaya da shi a buɗe, kunne gare ta.

Idris: Ikon Allah! Wayar da ko masallaci da ita shike zuwa?

Ramatu: Yaya, ran da kunka dawo daga asibitin Tawa da Inna, kak kwana nan gida, ka taɓa wayar Baba?

Idris: Na taɓa. Wayata ba sharji, nid ɗauki tashi.

Ramatu: Kay yi mi da ita?

Idris: Wani abu nid duba.

Ramatu: Wane abu?

Idris: Abin aiki ne, Ramatu. Mi ya kawo tambayagga?

Ramatu: Tun daga rannan wayar ta haukace. Ka san Baba da kallon kokowa. Da ya buɗe, kahin a kama, sai ga wata talla. Wata mata kwance bisa gadon asibiti, ba gashi a kanta, an sa mata ruwa a hannu. Shi ture ta, ta dawo. Shi buɗe wa'azi, ta biyo shi. Da asuba ma sai wayar ta yi ƙara, saƙo ya shigo da hoton.

Idris: Innalillahi.

Ramatu: Ka gane ta ke nan.

Idris: Tsaya. Wani ɗan akwati ne ke hitowa in ka shiga shahin intanet, shi ruhe maka rubutun duka. Kukis suke ce mashi. Wai ka yarda su riƙa tuna abin da kad duba.

Ramatu: Kuma kay yarda?

Idris: Kowa yarda shike! Wurin yarda ƙato ne, kore shar, wurin ƙi kuwa sai ka tona kamar mai neman gujiya. Ka danna nan su kai ka can, can su tambaye ka abu ashirin. Ni kuma hankalina ba ya jikina. Wani ya sake hitowa, wai a riƙa aiko da labari, shi ma nid danna don shi ba ni wuri.

Ramatu: Kai da kake mushe, malamin lakwal guda, kana koya ma ɗiyan mutane karatu, ba ka karanta ba?

Idris: Ban karanta ba. Wallahi ban karanta ba.

Ramatu: To, an karanta maka.

Idris: Alo? Mi kinka ce?

Ramatu: Nic ce an karanta maka! Jiya bayan la'asar su Baba suna zaune bakin masallaci, an taru bisa wayar ana kallon kokowa, matar ta sake hitowa. Baba ya gaji, ya miƙa ma Mutari tsohon soja, yac ce kai da ka iya Faransanci, hwaɗa muna abin da baiwar Allah wagga ke nema wurina.

Idris: Mutari? Duk garin a rasa wanda za a ba sai Mutari?

Ramatu: Wa ke akwai? Kullum shi ke karanta ma tsohhi saƙo. Ya duba yac ce tallar wani asibitin ƙasar waje ce, masu maganin ciwon daji. Yac ce amma irin wagga ba ta zuwa haka nan, sai in an tambayi wayar. Sai ya shiga inda take ajiye tambayoyi.

Idris: Wayyo Allah. Ban goge ba.

Ramatu: Ya karanta da ƙarhi, ka san muryarshi kamar shina hwareti. Shina karantawa shina juyawa da Hausa. Ciwon daji na hanta. Ko shina warkewa. Mace mai shekara sittin, wata nawa ke rage mata.

Idris: Ya isa, Ramatu.

Ramatu: Bai isa ba. Sai da ya kai ƙarshe sannan ya gane abin da ya karanta. Baba ya tashi ya taho gida ba takalmi, sai Safiyanu, yaron maƙwabta, ya biyo shi da su.

Idris: Alhakina ne. Ni na jawo.

Ramatu: Ni ya hwara tsarewa, wai ni ke ɗaukar wayar in kira ƙawayena. Nic ce Baba, ni da ban wuce aji uku ba, ina ni ina rubuta wanga? Sai ya ƙirga kwanaki da yatsu.

Idris: Mi yac ce?

Ramatu: Bai zage ka ba, in shi kake tsoro. Cewa ya yi, matar da munka yi shekara arba'in da ita, a bakin masallaci zan ji, tare da masu saida goro.

Idris: Da ma zagina ya yi.

Ramatu: Ni hwa, Yaya? Ni ke dama mata kunu, ni ke wanke mata zane in ta yi amai. Ina ta yi mata hwaɗa wai ba ta son cin abinci, ina ce mata ulsa ce, ta daure. Shekaranjiya har tsawa nay yi mata. Da na sani zan yi mata tsawa?

Idris: Ki yahe mani. Dokotoro ya jawo ni gehe, yac ce kai ne babba, kai ne ɗan hwari, kai zan hwaɗa ma. Yac ce abin ya yi nisa. Kin san yadda ake yi, ba a hwaɗa ma marar lahiya. Nic ce in bari ta ga kaka cikin kwanciyar rai, ta tsinki kuɓewarta, sannan in zauna da Baba.

Ramatu: Ba a hwaɗa ma marar lahiya, amma an hwaɗa ma waya.

Idris: Ban iya barci ba rannan. Ban da wanda zan tambaya. Na ɗauka abu ne tsakanina da ita, in na ruhe shi ke nan.

Ramatu: To ga shi ta hi Mutari baki.

Idris: Inna ta ji?

Ramatu: Ba wanda ya hwaɗa mata. Amma tun sahe gidan bai rabu da mata ba. Wagga ta kawo hura, waccan ta kawo ƙwai, su zauna su yi ta kallonta suna share ido da gehen gyale. Gwaggo Habsa ta hawo moto tun daga Keita, ba aike ba komai. Ita da ko suna sai an roƙe ta.

Idris: Ku hana su shiga mana!

Ramatu: In hana wa? In tsaya bakin zaure in ce ma Gwaggo ta koma? Ɗazu Inna tac ce mani, Ramatu, mi ya sa kowa ke gaishe ni kamar mai tahiya Makka?

Idris: Kinka ce mi?

Ramatu: Nic ce tuwo na ƙonewa, nih hita.

Idris: Ji nan. Ranar samdi, Asabar ke nan, zan nemi izini wurin direkta, in hawo motar Buza, in Allah ya so kahin azahar...

Ramatu: Alo? Kana yankewa.

Idris: Nic ce samdi ina tahe! Kar kowa shi ce mata komai sai na zo. Ni na ɓata, ni zan...

Ramatu: Shiru. Ga ta nan ta hito.

Idris: Wa?

Ramatu: Inna! Inna, ki koma ki kwanta, rana ba ta yi sanyi ba. A'a, Zahra ce ke... To. To, ga shi. Yaya, tac ce in ba ta.

Idris: Ramatu, kar ki...

Inna: Salamu alaikum.

Idris: Amin, wa alaikumus salam. Inna, ina wuni? Ƙaƙa jiki?

Inna: Jiki na nan inda ka bar shi. Ina iyalin?

Idris: Suna lahiya, suna gaishe ki.

Inna: Ina amsawa. Na ji ana samdi, samdi.

Idris: I, Inna. Zan leƙo ku ne kawai, in ga hatsi.

Inna: Hatsi lahiya lau shike. Ka taho da Zalika da yaran duka, har na goye. Kar ka ce sai an yi hutu.

Idris: Inna, akwai maganar da ya kamata...

Inna: Kuma ka lallashi mahaihinka. Tun jiya bai ci komai ba, ya zauna ya tsare ni da ido, shina tsammani ban gani.

Idris: Inna, ni ne. Laihina ne, ni nid danna abin...

Inna: Idirisa.

Idris: Na'am? Inna, sunana kinka kira?

Inna: Na kira. Shekara nawa ina jin kunyarshi, yau ina son in ji shi a bakina. Idirisa, ka zo da wuri.

Idris: Ina tahe, Inna. Ba samdi ba, gobe da sahe. Ki jira ni, kin ji? Inna? Alo? Alo!