Sunan Ɗan Fari

A tashar bas ta Port Saeed na ji su, kaina a sunkuye kan littafi.

"Hajiya, lafiya kike kuka?" in ji wani saurayi.

"Makami mai linzami ya faɗa gidan ɗalibai a Khartoum. Yaron nan yana ciki, wayarsa shiru."

"Yayana yana masallacin da aka tara waɗanda suka tsira. Bari in kira shi. Ya sunan yaron?"

"Ɗan fari ne. Bakina bai taɓa faɗa ba."

"Hajiya, ai kowa a can 'yaron nan' ne. Yalla, yi maza ki faɗi."

Ta rufe fuska da mayafi. "Aminullahi."

Saurayin ya maimaita a waya, ya jira, sannan ya miƙa mata yana dariya.

"Ga shi lafiya lau. Wai ki sake faɗa, yana so ya ji da kunnensa."